Daga Boston zuwa Toronto a kan sawun lilak ɗin Japan, bishiyar ƙarƙashin waya

Wanda ke son ganin furen lilak ɗin Japan a arewa maso gabashin Amurka da kudancin Kanada, watan Yuni ne lokacinsa. Furen ba ya daɗewa, mako biyu ne ko abin da ya ɗan ɗara, kuma yakan riga buɗewa a garuruwan da suka fi ɗumi kafin ya kai na bakin tafkin Ontario. Shi ya sa na faro daga Boston na bi jirgin ƙasa zuwa yamma, na tsaya a Rochester, na haura iyaka ta Niagara, na ƙare a Toronto. Abin da ya fito da ni tambaya ce guda: me ya sa hukumomin birane a wannan yanki suka raja'a a kan wannan ƙaramar bishiya, har kusan duk titin da aka sake wa fasali sai ka same ta a jere?

Zangon farko shi ne gandun itatuwa na Arnold Arboretum, wanda Jami'ar Harvard ke gudanarwa, a unguwar Jamaica Plain. Jirgin cikin gari mai layin ruwan lemo yana ajiye mutum a tashar Forest Hills, daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan, kuma ba a biyan kuɗin shiga. An kafa gandun a 1872. Itatuwan lilak suna gangaren tudun da ake kira Bussey Hill, kuma lokacin da na isa yawancinsu sun gama fure tun watan Mayu, sai kore kawai. Waɗannan su ne lilak ɗin da Turawa suka saba da ita, mai fure shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, wadda ke tashi kurmi-kurmi da tsirrai masu yawa daga gindi. Wadda na zo nema dabam ce. Sunanta na kimiyya Syringa reticulata, tana tashi da gangar jiki guda kamar kowace bishiya, kuma sai 'yan uwanta sun gama sannan take buɗe nata furen.

Daga nesa ake hango ta, kanta fari fat kamar an yafa mata auduga. Idan ka matsa kusa sai ka ga farin yana da ɗan sirkin ruwan madara, kuma kowane curi na furen ya ƙunshi ƙananan furanni masu ɗimbin yawa, tsawon curin ya kai santimita 20 zuwa 30. Ganyen yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, mai faɗi a gindi da tsini a baki, kore mai duhu. Ɓawon kuwa ja ne mai duhu da sheƙi, da ƙananan zane-zane a gicciye waɗanda ta nan jikin bishiyar ke shaƙar iska. A lokacin sanyi, da ganye ya zube, wannan ɓawo shi ne adonta. Ƙamshin furen yana da ƙarfi da ɗan nauyi, ba irin ƙamshin lilak ɗin Mayu mai daɗi ba. Wasu na sonsa, wasu ba sa so ko kusa, don haka wanda zai dasa ta dab da tagar ɗakin kwana ya fara zuwa ya shinshina tukuna. Zuma da sauran ƙwari masu shan ruwan fure kuwa ba sa barin ta.

Asalinta arewacin Japan ne, musamman tsibirin Hokkaido, tana kuma da 'yan uwa biyu na kusa: ɗaya a Koriya da arewa maso gabashin Sin da gabashin Rasha, ɗaya kuma a arewacin Sin, wadda ake laƙaba wa sunan Peking. Yadda ta shigo Amurka sananne ne. William S. Clark, shugaban kwalejin noma ta Massachusetts, ya je Sapporo a 1876 don taimakawa wajen kafa kwalejin noma a can, kuma a wannan shekara ya aiko da irinta zuwa wannan gandu. Danginta su ne zaitun da yasmin da bishiyar da Turawa ke kira ash. Wannan dangantaka ta ƙarshe tana da muhimmanci, za mu dawo kanta a Toronto.

Abu ɗaya da gandun ya nuna mini wanda titi ba zai nuna ba shi ne girman da take kaiwa idan ta samu sarari da shekaru. Tsofaffin da ke can sun buɗe rassa sosai, wasu faɗinsu ya kusa kamo tsayinsu. Ke nan asalin bishiyar ba siririya ba ce. Sirantar da ake tallata ta da ita ta fito ne daga zaɓaɓɓun nau'o'in da masu renon itatuwa suka ware, kuma wanda ya sayi wadda aka tsirar daga iri kawai bai san siffar da za ta ɗauka ba.

Jirgin Lake Shore Limited yana tashi daga tashar South Station ta Boston da rana, ya ratsa tsaunukan yammacin Massachusetts, ya haɗe da rabinsa na New York a Albany, ya isa Rochester da dare. Rochester gari ne da ya yi suna da sana'ar renon itatuwa tun ƙarni na 19. Masu wannan sana'a biyu, George Ellwanger da Patrick Barry, su suka ba da filin da aka fara lambun Highland Park a kansa a 1888, sannan John Dunbar ya fara dasa lilak a wurin a 1892. Yau akwai nau'o'i ɗaruruwa a gangaren lambun, kuma duk watan Mayu ana bikin furensu. Na zagaya lambun, amma abin da ya fi amfanar da ni yana titunan unguwannin da ke kewaye da shi.

A irin waɗannan unguwanni akwai siririn fili mai ciyawa tsakanin kwalta da hanyar masu tafiya a ƙasa, faɗinsa wani lokaci bai fi mita ɗaya da rabi ba, ga kuma falwayoyi da wayoyin lantarki a bisa. Nan ne amsar tambayata ta fara bayyana. Babbar bishiya idan ta kai waya sai ma'aikatan lantarki sun yanke mata tsakiya, ta koma kamar baki buɗe, ruɓa ta shiga ta raunukan, daga baya reshe ya faɗo. Duk wanda ya san yadda ake sare kan darbejiya a ƙarƙashin waya a garuruwanmu ya san abin da nake nufi. Saiwarta kuma tana ɗaga sumuntin hanya. Lilak ɗin Japan tana tsayawa ne a mita 6 zuwa 8, tana girma a hankali, kusan santimita 30 zuwa 45 a shekara, kuma saiwarta ba ta da halin ɗaga daɓe. Tana jure ƙasa mai alli, wadda ita ce ƙasar gefen titi saboda ɓaraguzan sumunti da ke cakuɗe da ita, alhali wasu itatuwan ganyensu kan yi rawaya a irin wannan ƙasa don sun kasa jan sinadarin ƙarfe. Tana jure sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Furfurar ganye, wato farar ƙurar naman gwari da ke rufe ganyen lilak ɗin Mayu a ƙarshen lokacin zafi, ba ta cika damun wannan ba.

To amma a titi guda sai ka ga biyu da aka dasa lokaci ɗaya, ɗaya ta cika da ganye da fure, ɗaya kuma rassan samanta sun bushe. Na tsaya na duba gindin da yawa daga cikin marasa lafiyar, kusan duk labarin ɗaya ne: an binne su da zurfi. Kowace bishiya tana da wurin da gangar jikinta ke buɗewa ta zama saiwa, wato wuyan gindi, kuma wannan wuri dole ya kasance daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara ta da santimita 2 zuwa 5. Idan ka ga bishiya ta shiga ƙasa a miƙe sambal babu wannan buɗewa, an binne wuyan. Ɓawon gangar jiki ba a halicce shi don zama cikin danshi ba, sai ya fara ruɓewa, saiwoyi kuma su taso sama neman iska su naɗe gindin su shaƙe shi. Illar ba ta bayyana nan take, sai bayan shekara biyar ko goma, lokacin da babu mai tuna yadda aka yi dashen.

Kuskuren yakan faro tun daga gidan reno, inda ƙasa kan taru a kan wuyan. Saboda haka kafin a haƙa rami sai a tone saman curin ƙasar da bishiyar ta zo da shi da hannu har a ga wuyan da manyan saiwoyin farko, sannan a auna daga nan zuwa ƙasan curin. Wannan awo shi ne zurfin rami, ba a ƙara ko kaɗan, kuma ba a sassauta ƙasan ramin don kada bishiyar ta nutse bayan ruwa ya sauka. Faɗin ramin kuwa ninki biyu ko uku na curin. Bishiyar titi da aka saba dasawa kaurinta milimita 50 zuwa 60 ne, curinta kusan santimita 70, an naɗe shi da buhun algarara da kwandon waya. Bayan ta zauna a rami sai a yanke igiyar da ke ɗaure a gindi gaba ɗaya, a cire aƙalla kashi ɗaya cikin uku na saman kwandon da buhun. Idan a tukunyar roba ta zo, sai a yanke gefen curin zagaye da zarto ko wuƙa kamar santimita 2, a cire saiwoyin da suka yi ta kewaya tukunyar, domin idan aka bar su haka za su ci gaba da kewayawa. Da ƙasar da aka haƙo ake mayar da ramin. Cika shi da baƙar ƙasa mai taki yana sa saiwa ta ƙi fita zuwa ƙasar da ke kewaye, ramin kuma ya riƙe ruwa. Kafin duk wannan, doka ce a kira hukumar da ke nuna inda bututun gas da wayoyin ƙarƙashin ƙasa suke: a Amurka lamba 811, a Ontario kuma Ontario One Call.

Laifi na biyu da na yi ta gani shi ne tara ɓarɓashin itace a gindi har ya zama tsibi. Ɓarɓashin abu ne mai kyau, yana riƙe danshi, yana hana ciyawa, yana kuma nisanta injin yankan ciyawa daga ɓawo. Amma kaurinsa kada ya wuce santimita 5 zuwa 8, a baje shi da faɗi, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gangar jiki. Raunin injin yankan ciyawa ba ƙaramin abu ba ne ga wannan bishiya, domin ta nan babban maƙiyinta ke shiga. Wani malam-buɗe-littafi ne mai fikafikai garai-garai da ya yi kama da rina, yana yin ƙwai a tsagar ɓawo ko rauni a ƙarshen bazara, tsutsar ta huda ta shiga cikin itacen ta yi ta ci. Alamarta garin katako a gindi, da ƙananan ramuka zagayayyu kamar milimita 6 a gangar jiki, da reshen da ya yanƙwane shi kaɗai. Da zarar tsutsar ta shige, feshi ba ya kai mata. Masu aikin sukan rataya tarko mai ƙamshin da ke jawo mazan ƙwaron, idan suka kama na farko sai su ƙirga kwana 10 zuwa 14 su fesa magani a gangar jiki da manyan rassa, daidai lokacin da ƙwai ke ƙyanƙyashewa. Amma ƙwaron ya fi bin bishiyar da ƙishi ko rauni ya galabaita, don haka ban ruwa da kare ɓawo sun fi maganin tasiri.

Daga Rochester na shiga jirgin Maple Leaf. A Niagara ta ɓangaren Kanada kowa ke sauka da kayansa a duba takardu, kuma mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai da bizar ƙasashen biyu. Shuka ko iri ba a tsallakawa da su sai da takardar lafiyar tsirrai. Jirgin yana tsayawa a Aldershot, wadda ke kusa da Royal Botanical Gardens, babban lambun da ke tsakanin Burlington da Hamilton. Tarin lilak ɗinsu yana cikin wani kwari a sashen gandun itatuwa, kusa da fadamar Cootes Paradise, kuma yana cikin mafiya girma a duniya. A wannan lardi na Ontario ne aka fitar da nau'in da ya mamaye kasuwa, wato Ivory Silk, wanda kamfanin Sheridan Nurseries ya zaɓo a 1973.

Ivory Silk ta samu karɓuwa ne don tana fara fure tun tana ƙarama, rassanta ƙarfafa ne masu miƙewa sama, kanta kuma mai siffar ƙwai. Tsayinta yakan kai mita 6 zuwa 7 da rabi, faɗinta mita 4 da rabi zuwa 6. Wannan faɗi ya yi yawa ga lungu ko tsakanin gida da katanga, kuma nan ne Ivory Pillar ta shigo, wadda aka fitar a jihar Oregon. Tsayinsu kusan ɗaya ne, amma rassan wannan sun fi matsewa, tana tashi a tsaye kamar dala siririya, furenta kuma manya. Duk da haka kada sunan ya ruɗi mai saye, domin da shekaru ita ma takan buɗe har mita 4 ko fiye. A ganina wanda ke da fili mai faɗin ƙasa da mita 3 tsakanin bango da hanya gara ya nemi wata shuka dabam, maimakon ya ɗaura wa kansa askin bishiya kowace shekara. Akwai kuma Snowdance daga jihar Minnesota, mai yawan fure kuma ba ta cika yin iri ba. Ta ɓangaren lilak ɗin Peking akwai China Snow daga gandun Morton Arboretum kusa da Chicago, mai ɓawo ruwan zuma da ke ɓarewa yana nannaɗewa, da Beijing Gold mai fure ruwan ƙwai. Waɗannan biyun ganyensu ya fi ƙanƙanta, rassansu sun fi laushi, kuma sun fi buɗewa, don haka sun fi dacewa da lambu fiye da siririn gefen titi.

Ana yaɗa waɗannan nau'o'i ne ta hanyar aure, a ɗauki idon nau'in da ake so a ɗora a kan gindin wata da aka tsirar daga iri. Shi ya sa tsirran da ke fitowa daga ƙasan wurin auren dole a riƙa cire su tun suna ƙanana, in ba haka ba bishiyar ta koma kurmi.

A Toronto rana ba ta faɗuwa a watan Yuni sai wajen ƙarfe tara na dare, don haka mutum na da isasshen haske ya yi ta yawo a ƙafa kafin Magariba. Na bi unguwannin gidaje da kuma manyan titunan kasuwanci, bambancin kuwa a fili yake. A unguwa, inda bishiyar ke tsaye a ciyawar ƙofar gida kuma saiwarta na iya yawo, lafiya lau take. A babban titi, inda aka sa ta cikin ɗan rami mai murabba'i a tsakiyar sumunti, da yawa sun tsumbure. Matsalar yawan ƙasa ce. Ramin mita ɗaya da rabi a kowane gefe bai ƙunshi abin da ya wuce mita biyu ko uku na ƙasa a awon cika, wato kubik mita, ba, kuma ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen an dandaƙe ta da inji don ta ɗauki nauyi, saiwa ba ta iya huda ta. Ƙa'idar gine-gine ta birnin yanzu tana neman mita 30 na ƙasa a awon cika ga kowace bishiyar da za a dasa a sabon aiki. Ana cimma wannan ne ta hanyar haƙa doguwar kwata mai haɗa ramukan, ko a jera akwatunan roba masu ƙarfi a ƙarƙashin daɓen, su ɗauki nauyin, ƙasa mai laushi kuma ta cika cikinsu. Wata dabarar, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Cornell, ita ce a cakuɗa tsakuwa kusan kashi 80 cikin ɗari da ƙasa mai yumɓu kusan kashi 20, tsakuwar ta ɗauki nauyi, saiwa ta bi ta ƙofofin da ke tsakani. Ƙaramar bishiya kamar lilak ba ta buƙatar ƙasar da babba ke buƙata, amma ƙanƙantarta ba ta sa ta rayu a cikin akwatin sumunti ba.

Sai gishiri. A lokacin sanyi ana watsa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara, motoci su fantsama ruwansa a kan rassa, sauran kuma ya sauka cikin ramin bishiya. Lilak ɗin Japan tana da juriya matsakaiciya a nan, ta fi wasu da yawa, amma inda gishirin ya taru za ka ga bakin ganye ya ƙone kuma ɓangaren da ke fuskantar titi ya fi bushewa. Maganinsa ɗan dakali a kewayen ramin da zai hana ruwan titi gangarowa ciki, da kuma ban ruwa mai yawa a farkon bazara don wanke gishirin ya sauka ƙasa.

A gindin sababbin dashe na ga korayen jakunkuna da ake cika wa ruwa, su riƙa tsiyayar da shi a hankali cikin sa'o'i. Lissafin da ake bi shi ne kusan lita 15 ga kowane santimita na kaurin gangar jiki, sau ɗaya a mako, sau biyu idan zafi ya tsananta. Bishiya mai kaurin santimita 6 ke nan tana son kusan lita 90. A kan curin ake zuba ruwan, domin a shekarar farko duk saiwar tana nan, kuma curin na iya bushewa ƙayau alhali ƙasar kewaye na da danshi. A wannan yanki ana lissafin shekara ɗaya ta farfaɗowa ga kowane santimita biyu da rabi na kauri, wato shekara biyu zuwa uku ana kula da ita. Yawan ruwa ma illa ne, don lilak ba ta son ƙafarta cikin taɓo. Wanda ke shakkar filinsa ya cika ramin da ruwa, idan bayan kwana ɗaya bai tsotse ba, wurin bai dace ba sai an yi magudana ko an ɗaga ƙasar. Turakun da ake ɗaure ta da su a cire bayan shekara guda, na ga wasu da waya ta nutse cikin ɓawonsu don an manta.

Yanzu batun dangantakarta da ash. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro mai sheƙi daga gabashin Asiya a yankin Detroit da Windsor, wanda tsutsarsa ke cin ƙarƙashin ɓawon ash har ta kashe shi. Ya kashe miliyoyin itatuwa a Amurka da Kanada, kuma Toronto kaɗai tana da dubu ɗaruruwansu. Ash ɗin kuma an yawaita shi ne don cike gurbin bishiyar elm da wata cutar naman gwari ta share shekaru kafin nan. Wannan ƙwaro bai zama annoba ga lilak ba, don haka ta shiga cikin waɗanda aka cike gurbi da su. Abin da ya dame ni shi ne na ga tituna da aka jera Ivory Silk zalla daga farko har ƙarshe. Dukansu daga uwa ɗaya aka yanko su, jininsu ɗaya, cutar da ta kama ɗaya za ta kama duka. Masanin itatuwa Frank Santamour ya ba da shawara a 1990 cewa kada jinsi ɗaya ya wuce kashi 10 cikin ɗari na itatuwan gari, kada zuriya ɗaya ta wuce 20, kada dangi ɗaya ya wuce 30. Ban da haka, bishiya mai mita 7 ba za ta taɓa ba da inuwar da mai mita 20 ke bayarwa ba. Inda babu waya a sama kuma akwai fili, dasa lilak asarar inuwa ce, kuma gari mai ƙara zafi inuwa yake buƙata kafin ado. Wurinta shi ne ƙarƙashin waya, da siririn gefen titi, da ɗan filin ƙofar gida.

Akwai kuma batun iri. Bayan furen ya koma ruwan ƙasa sai ya ƙulla ƙananan kwansuna da ke zama a bishiyar har lokacin sanyi, su tsage iri mai fiffike ya fita. A wasu sassan arewa maso gabashin Amurka an ga tana tsirowa da kanta a bakin rafuka da gefen daji, har masu kula da dazuzzuka sun fara sa mata ido. Wanda gidansa ke kusa da rafi ko kurmi ya zaɓi nau'in da ba ya yin iri, ko ya riƙa yanke curin furen da zarar ya bushe.

Ga 'yan uwa da ke zaune a waɗannan ƙasashe masu son bishiya a ɗan filinsu, a Toronto mai gida na iya kiran 311 ya nemi hukuma ta dasa masa bishiya kyauta a filin gwamnati da ke gaban gidansa. A gida kuwa, a Kano ko Zinder ko ma Jos, ba sai an wahalar da kai ba, domin idon furenta ba ya buɗewa sai ya kwana cikin sanyin hunturu mai tsanani na watanni, kuma ko a kudancin Amurka ba ta yin kyau saboda zafi.

Wanda ya dasa ta ya ba ta wurin da rana ke bugawa aƙalla sa'a 6, domin a inuwa ganye za ta yi ba fure ba. Tazarar mita 5 zuwa 6 tsakanin biyu ta isa, da mita 3 daga bango. Takin zamani mai yawan naitrojin, irin wanda ake zuba wa ciyawa, yana rage fure. Tana da halin cika fure a wata shekara ta rage a mai bi mata, saboda ƙarfin da ƙulla iri ke cinyewa, kuma yanke busasshen fure tun tana ƙarama hannu na kaiwa yana rage wannan. Aski ana yinsa ne da zarar fure ya ƙare, domin ba da jimawa ba take ƙulla idon furen baɗi, wanda ya datse a kaka ko farkon bazara ya zubar da furensa. A shekarun farko a bar mata jagora guda a tsakiya, a rage duk reshen da ke gasa da shi, a riƙa cire na ƙasa ɗaya ko biyu a shekara har a samu kusan mita 2 da rabi da mutum zai wuce ba tare da ya sunkuya ba, kuma kada a taɓa cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda. Idan bazara ta zo da sanyi da yawan ruwa aka ga sababbin toho sun yi baƙi sun lanƙwashe, cutar bakteriya ce: a jira rana busasshiya, a yanke santimita 20 zuwa 25 ƙasa da inda baƙin ya tsaya, a goge almakashin da sifirit bayan kowane yanka, a kwashe abin da aka yanke a fitar da shi daga lambun.